Duhun Dare Ma Arziki Ne

A daren 20 ga Satumba na shekarar 2016 wani maƙerin makullai mai suna Victor Buso, mazaunin birnin Rosario a ƙasar Ajantina, ya hau saman gidansa don ya gwada wata sabuwar kyamara da ya ɗaura wa madubinsa na hangen nesa. Madubin ba wani na a zo a gani ba ne, faɗin bakinsa santimita 40 ne kacal, kamar faɗin babban faifai. Ya saita shi ga wani garken taurari da masana suka yi wa lamba NGC 613, ya shiga ɗaukar hotuna na sakan 20 kowanne, domin fitilun birnin ba su barin a buɗe kyamara fiye da haka ba tare da hoton ya yi fari fat ba. Hotunan farko ba su nuna wani sabon abu ba. Can sai ga wani ɗan ɗigon haske ya ɓullo a gefen garken, inda ɗazu babu kome, yana kuma ƙara ƙarfi daga wannan hoto zuwa wancan. Ashe abin da ya faɗo hannunsa shi ne farkon fashewar wani ƙaton tauraro, abin da manyan cibiyoyin bincike suka yi shekara da shekaru suna farauta ba su sami irin nasa ba. Hasken da ya kama ya yi fiye da shekara miliyan 60 a kan hanya. A shekarar 2018 mujallar kimiyya ta Nature ta buga bayanin binciken, da sunan maƙerin a jere da na shaihunan malamai.

Wannan jarida ta ɗauko labarin ne saboda garken nan da Buso ya ɗauka yana ratsa samaniyar Kano da Katsina da Zariya kowane dare na kaka, yana hawa har ya wuce rabin tsakanin bangon duniya da tsakar ka. Rosario birni ne mai mutum wajen miliyan ɗaya, fitilu ta ko'ina, alhali kuwa akwai dubban ƙauyuka da makarantun kwana da yawa a jihohin Arewa waɗanda duhun darensu ya fi na can, nesa ba kusa ba. Duhun nan da kullum ake lissafa shi cikin alamun ci baya, shi ne masu wannan sha'ani a Turai da Amurka suke tafiyar ɗaruruwan kilomita suna nema, har waɗansu su biya haya a kafa musu madubi a hamada su riƙa sarrafa shi daga gida ta intanet. Ga shi a nan kyauta, ba mai amfani da shi, kuma sannu a hankali yana ƙarewa. Lokaci ya yi da Ma'aikatun Ilmi za su sa madubin hangen nesa da kyamararsa cikin kayan koyar da kimiyya, su kuma tabbatar an yi aiki da shi tun duhun bai ƙare ba.

Kafin a yi nisa ya kamata a fayyace abin da ake nufi da garken taurari, wanda masana ke kira galaksi. Duk taurarin da ido ke gani ɗai-ɗai da dare, da Kaza da 'Ya'yanta da sauransu, har da ita kanta rana, 'yan garke ɗaya ne mai taurari aƙalla miliyan dubu 100. Farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, shi ne jikin garken kamar yadda na cikinsa ke hango shi. Haske yana gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, yana isowa daga rana cikin minti 8 da 'yan kai, amma kafin ya ƙetare garken nan daga gefe zuwa gefe sai ya yi kimanin shekara 100,000. Bayansa kuma akwai waɗansu garkunan da ba su ƙidayuwa. Mafi kusa daga cikin manyansu masu siffar nan ta naɗi shi ne Andromeda, wanda haskensa ke yin wajen shekara miliyan 2.5 kafin ya iso.

Wanda ya fara rubuta labarin Andromeda, gwargwadon littattafan da suka saura, wani malamin falaki ne Bafarishe, Abdurrahman as-Sufi, a cikin littafinsa na siffofin taurari wanda ya kammala wajen shekarar 964. Ya kwatanta shi da ɗan gajimare. Ba shi da madubi, don a lokacin saura fiye da shekara 600 a ƙirƙiro shi. Idonsa ne kawai da duhun dare. Yaron da ke ƙauye a Jigawa ko Yobe yana iya ganin abin da as-Sufi ya gani a daren yau idan an nuna masa inda zai duba. Yaron da ke tsakiyar birnin Kano da wuya ya gan shi.

Hoton farko da ya bayyana siffar Andromeda sosai shi ma ba daga wata jami'a ya fito ba. Isaac Roberts ɗan kwangilar gine-gine ne a Liverpool ta Ingila, ya kafa madubi mai faɗin kimanin santimita 50 a gidansa da kuɗin aljihunsa, a watan Disamba na 1888 ya buɗe farantin hoto na tsawon awa 4 cikin sanyin hunturu. Da aka wanke farantin sai ga ɗan gajimaren nan ya fito da hannuwa a nannaɗe kamar gammo. Roberts ya zaci wata rana ce da duniyoyinta ake cikin ƙulluwarsu, kuma ya yi kuskure. Sai a 1923 Edwin Hubble, da madubi mai faɗin mita 2.5 a kan dutsen Wilson na Kalifoniya, ya gano a cikin Andromeda wani irin tauraro mai ƙara haske yana ragewa a kan ƙa'ida, ya yi amfani da lissafin da Henrietta Leavitt ta fitar a 1912 ya auna nisansa, ya tabbatar cewa garke ne mai zaman kansa. Watau shekara ɗari da 'yan kai ke nan kacal da ɗan Adam ya san cewa akwai wani garke bayan nasa.

Yawancin mutane sun ɗauka aikin madubin hangen nesa shi ne ya ƙara wa abu girma. A wajen garkunan taurari wannan shi ne ƙaramin aikinsa. Andromeda a sama ya yi faɗin cikakken wata har sau 6, abin da ya hana a gan shi rashin ƙarfin haske ne. Ƙwayar idon mutum ba ta cika buɗewa fiye da milimita 7 ba ko a cikin duhu, madubi mai faɗin santimita 20 kuwa yana tara hasken da ya ninka na ido wajen sau 800, kamar bambancin mai tarar ruwan sama da ludayi da mai tara da baho. Duk da haka wanda ya kafa ido a madubin zai ga wani abu ne toka-toka kamar tabon auduga, ya ce ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan. Dalili kuwa ido ba ya ajiya, abin da ya shigo yanzu shi yake gani, ya wuce. Kyamara ita tana tarawa. Idan aka bar ta a buɗe minti ɗaya, ko goma, ko awa guda, hasken da ke ɗigowa ɗai-ɗai yana taruwa a kan farantinta har siffa ta fito, da launi, da baƙaƙen layukan ƙura da ke tsakanin taurarin. Da yayyafi kogi kan cika.

To, a nan ne wahala take farawa. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka duk abin da aka saita a sama yana zamewa, idan aka bar kyamara a tsaye taurari sai su zama layi-layi cikin 'yan sakanni. Tilas ne a ɗora madubin a kan mazauni mai inji wanda zai riƙa juya shi daidai da juyin duniya, kuma tilas a daidaita ƙusar mazaunin da tauraron Arewa, wanda sauran taurari ke kewayawa. Masu yin wannan a Turai suna ganin tauraron can sama sosai. A Kano kuwa tsayinsa digiri 12 ne kawai daga bangon duniya, inda katanga da itatuwa da hazo suke, don haka mai madubi a nan sai ya zaɓi fili mai buɗaɗɗen arewa, ko ya koyi daidaitawa ta hanyar lura da zamewar wani tauraro yana gyarawa kaɗan-kaɗan. Littattafan da aka rubuta a can ba su cika damuwa da wannan matsala ba, domin ba tasu ba ce.

Har wa yau, hoto ɗaya ba ya isa. Kowane hoto yana fitowa da ɗige-ɗigen banza, waɗansu daga hasken gari, waɗansu daga zafin ita kanta kyamarar. Maganin shi ne a ɗauki hotuna da yawa na abu ɗaya a haɗa su da kwamfuta, domin hasken gaskiya yana faɗawa wuri ɗaya a kowane hoto, na banza kuwa yau nan gobe can, sai su riƙa share juna. Sai dai ribar ba ta tafiya daidai da wahalar. Wanda ya ninka hotunansa sau 4, tsabtar hotonsa sau 2 za ta ƙaru. Wanda yake son ta ƙaru sau 10 sai ya ɗauki 100. Ana kuma rufe bakin madubin a ɗauki hotunan duhu zalla, don a san ɗigon da kyamara ke haifarwa da kanta a cire shi. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a ƙasa mai zafi, tun da ɗige-ɗigen zafi suna ninkawa kusan duk lokacin da zafin kyamara ya hau da digiri 6 ko 7, ga shi kuwa daren bazara a Sakkwato ko Maiduguri ba ya wasa. Manhajojin da ke haɗa hotunan, irin su Siril da DeepSkyStacker, kyauta ake samunsu.

Abin da ya sauko da wannan aiki daga tsaunuka zuwa tsakar gida shi ne farantin lantarki mai karɓar haske, wanda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro asalinsa a Amurka a 1969, aka kuma ba su kyautar Nobel a kansa a 2009. Farantin gilashi irin na Roberts yana kama kashi 1 ko 2 ne cikin 100 na hasken da ya faɗo masa, sauran ya tafi a banza. Na yanzu mai kyau yana kama fiye da rabi, waɗansu har kashi 80. Saboda haka ƙaramin madubi a yau yana yin cikin 'yan mintoci abin da ya ci wa Roberts rabin dare. A shekarar 2023 kamfanin ZWO na ƙasar Sin ya fito da wani ƙarami mai suna Seestar S50, bakinsa santimita 5, wanda yake nemo garke da kansa, ya bi shi, ya haɗa hotunan ya aika wa wayar hannu, kuɗinsa kuwa a lokacin dala 500 ne ba ɗaya. Bai kai kuɗin wayar da waɗansu manyan ma'aikata ke ajiyewa a kan tebur lokacin taro ba. Amma fa irin wannan ya fi dacewa da nuna wa yara ƙanana da jawo hankalin jama'a, don kuwa ya ɗauke wa ɗalibi duk wahalar da a cikinta ilmin yake. Makarantar kimiyya ta fi bukatar madubi daban, mazauni daban, kyamara daban, waɗanda sai an haɗa da hannu, an yi kuskure an warware. Batirin mota ɗaya da aka cika da hasken rana ya isa ya riƙe su dare guda, ko an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba.

Kada a zaci sa'a ce ta faɗa wa Buso shi kaɗai. A ranar 21 ga Janairu 2014 wani malamin jami'a a Landan, Steve Fossey, ya ga gajimare na tasowa zai ɓata masa darasin dare, sai ya yanke shawara ya nuna wa ɗalibansa huɗu yadda ake amfani da kyamarar wani madubi mai faɗin santimita 35 kafin sama ta rufe. Suka zaɓi garken M82, mai nisan tafiyar haske ta wajen shekara miliyan 12. Sai malamin ya ga wani tauraro da bai san da shi a wurin ba, suka kwatanta da tsofaffin hotuna, ya tabbata fashewa ce, ɗaya daga cikin mafi kusa da aka gani cikin shekaru masu yawa. A watan Mayu na 2023 kuma Koichi Itagaki, wani ɗan kasuwa a Japan wanda ya riga ya gano irin wannan fashewa fiye da 100, shi ya fara ba da labarin ta garken M101. Manyan madubai kaɗan ne, lokacinsu a ƙayyade yake, ba su iya tsare kowane garke kowane dare. Kuma idan tauraro ya fashe sa'ad da gari ya waye a Asiya, rana ba ta faɗi a Amurka ba, wanda dare ya same shi a tsakani shi ke da ido.

Matsayin ƙasar nan a kan doron duniya ya ba ta wata riba da Turai ba ta da ita. Kusancinta da tsakiyar duniya ya sa ana ganin samaniyar arewa duka da mafi yawan ta kudu. Garken Centaurus A, wanda baƙin layin ƙura ya raba shi biyu, ba ya taɓa fitowa a Ingila, amma a Kano yana hawa digiri 35 a dararen bazara. Sai dai gaskiya ita ce ranakun aikin ba su da yawa. Damina gajimare, hunturu kuma ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana iya rufe sama mako guda cur, ta kuma kwanta a kan madubi ta ɓata shi idan ba a rufe ba. Lokaci mafi kyau shi ne daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa kafin hazo ya yi kauri, sai kuma dararen da suka biyo bayan ruwa ya wanke sama, da waɗanda iskar hunturu ta kwanta. An yi dace kuwa, a wannan ɗan tsakani na kaka ne Andromeda yake hawa can sama da farkon dare, makarantu kuma suna buɗe. Tudun Jos mai tsayin kimanin mita 1,200 da na Mambila da ya fi shi suna da ƙarin fa'ida ga jami'ar da ke son kafa wani abu mai ɗorewa.

Babu shakka akwai mai cewa ana maganar garkunan taurari alhali azuzuwa babu rufi, yara na zaune a ƙasa, miliyoyi ma ba su zuwa makarantar sam, malamai kuma na jiran albashi. Wannan magana ce mai nauyi, kuma duk kwamishinan da ya bar ɗaki yana yoyo ya sayi madubi ya cancanci a tuhume shi. Amma ba a ce a saya wa kowace firamare ba. Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, a lokacin da ake da irin waɗannan matsaloli, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu su ne amsar masu sukar wancan lokaci. Irin waɗannan makarantu, da kwalejojin horar da malamai, da sassan kimiyyar lissafi na jami'o'i, su ake nufi. Kuɗin kayan makaranta ɗaya bai kai na motar ofis ɗaya ba, ko kusa.

Abin da ɗalibi zai samu kuwa ya wuce hoton da zai liƙa a bango. Ɗaliban sakandare suna haddace yadda haske ke karyewa a gilashi da yadda yake dawowa daga madubi, su zana a takarda, su ci jarrabawa, da yawansu ba su taɓa riƙe gilashin a hannu ba. Wanda ya kwana uku yana fama da taurari masu fitowa kamar waƙafi har ya gano cewa madubinsa ne ya karkace, ba zai sake manta darasin ba. Wanda ya ga da idonsa cewa hoto 100 sun fi 25 tsabta sau 2 kawai, ya fahimci wata ƙa'idar lissafi da take aiki a gwajin magani da ƙidayar jama'a da binciken amfanin gona. Dabarun tsabtace hoton garken taurari 'yan uwan waɗanda ake bi ne wajen karanta hoton tauraron ɗan Adam don a san inda hamada ta ci ko inda ambaliya za ta bi. Akwai kuma wata tarbiyya da ta fi waɗannan duka wuyar samu, watau mutum ya rubuta abin da ya gani da lokacin da ya gan shi, kada ya ƙara ɗigon da babu don hoto ya yi kyau, ya kuma yarda wani ya duba aikinsa. Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin abin da rashin wannan hali ke jawo wa rahotanni.

Nijeriya ta kafa hukumarta ta binciken sararin samaniya a 1999, ta aika da tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003, tana kuma da cibiyar nazarin falaki a Nsukka. To amma tauraron a Ingila aka ƙera shi, daga Rasha aka harba shi. Ana iya sayen tauraro da kuɗin mai, masu karanta abin da ya aiko kuwa sai an raine su. Gana ta mai da wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na'urar sauraron sama a 2017, Habasha ta kafa madubai biyu a kan dutsen Entoto, Afirka ta Kudu kuwa ta yi nisa har ta karɓi babban taron masana falaki na duniya a 2024, karo na farko a nahiyar. Misalin Senegal ya fi kusa da abin da ake magana a kai. A 2018 hukumar NASA ta Amurka ta kai ƙananan madubai can, 'yan ƙasar suka haɗu da baƙi suka bazu cikin karkara don auna inuwar wani dutse da ke can bayan duniyar Neptune, aikin da ya taimaka wa kumbon New Horizons ya isa gare shi. An je Senegal ne domin inuwar ta can za ta ratsa, aikin kuma ya yiwu domin an tarar da mutanen da suka san abin da ake nema.

Babban abin tsoro shi ne yadda aka saba yi da kayan kimiyya. A ba da kwangila ga wanda bai san gaban madubi da bayansa ba, ya kawo na wasan yara a kan kuɗin na gaske, a yi bikin miƙawa da jawabai, sannan a kulle a sito ko a ofishin shugaban makaranta don kada ya lalace a tambaye shi. Kowa ya san makarantun da na'urorin duba ƙwayoyin cuta suka tsufa a kwalinsu. Idan haka za a yi, gara a bar kuɗin a sayi alli. Sai a fara da malami kafin kaya. A zaɓi malaman kimiyya masu sha'awa, a horar da su lokacin hutu, a ba su ɗan alawus na aikin dare, a rubuta a fili cewa abin da ya lalace a wajen aiki ba laifin malami ba ne. Mai duba makarantu idan ya zo kada ya tambayi ko madubin yana nan. Ya ce a kawo littafin da aka rubuta dararen da aka fita, da hotunan da yara suka ɗauka, da kwanan wata. Ya kamata kuma hukumar kwastan ta ɗauki waɗannan kaya a matsayin kayan ilmi, domin malami ko ma'aikacin da ya yi tanadi ya sayo nasa kada haraji ya karya masa gwiwa.

Akwai waɗansu cikas biyu da ba na kuɗi ba. Na farko tsaro. A halin da ake ciki, mutumin da aka gani da tsakar dare a bayan gari da wani dogon bututu a kan ƙafafu uku yana iya haɗuwa da abin da bai shirya ba, ko daga 'yan bindiga ko daga 'yan sintiri. Wannan ya sa harabar makaranta mai katanga ta fi dacewa, tare da sanar da mai gari da 'yan sanda, sannan a riƙa gayyatar iyaye da maƙwabta su zo su leƙa duwatsun da ke kan wata da zoben duniyar Zuhalu, don gani ya kori ji. Na biyu shi ne zargin cewa duk mai kallon taurari ɗan duba ne. Malamai sun daɗe da bambanta masu da'awar sanin gaibu ta taurari da masu ilmin falaki, wanda da shi ake sanin alƙibla da lokutan salla. Malaman ƙasar Hausa sun yi ƙarnoni suna lissafin taurarin nan 28 masu kwana 13-13 don su gaya wa manoma lokacin shuka, kuma duk shekara Mai Alfarma Sarkin Musulmi yana umartar jama'a su duba sabon wata. Matasan da suka iya saita madubi da lissafin inda jinjirin wata zai tsaya ba ƙaramin taimako za su yi wa kwamitocin ganin wata ba.

Saura maganar shi kansa duhun. Wani bincike da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka buga a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba su iya ganin farin zanen nan na sama daga inda suke zaune, a Turai kashi 60 cikin 100, a Arewacin Amurka kusan 80. Ƙasar Cadi na cikin waɗanda mutanensu suka fi kowa zama ƙarƙashin sama mai tsabta. Wani binciken na 2023, wanda aka gina a kan rahotannin dubban masu kallon taurari, akasarinsu a Turai da Amurka, ya nuna hasken sama yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara daga 2011 zuwa 2022. Ba mai hankalin da zai ce a bar unguwanni cikin duhu don a ɗauki hoton Andromeda. Fitila tana korar ɓarawo, tana tsawaita kasuwar dare, tana ba ɗalibi damar karatu. Abin da ya ɓata samaniyar Turai shi ne fitilar da ke watsa haske sama inda ba mai tafiya. Yanzu da ƙananan hukumomi da 'yan majalisa suke ta kafa fitilu masu aiki da hasken rana a tituna da kasuwanni, da yawa ana ɗaura su a karkace, suna kashe wa direba ido, wani kashin hasken yana tafiya sama a banza. Turawa sai da suka gama kafawa suka dawo suna kashe kuɗi suna gyarawa. A nan ana iya yin daidai tun farko da layi ɗaya a takardar kwangila, cewa kowace fitila ta kasance da hula, ta fuskanci ƙasa sak, kuma waɗanda ke harabar makarantun kwana su zama da makunni, yadda malamin kimiyya zai iya kashe na gefen filin wasa na awa biyu a daren da babu wata.